Likita Mai Hannu Huɗu

Babu littafi mara kyau a jerin littattafan shirin talabijin na Bayan Wata, sai dai mai karatun da hankalinsa bai kai ba. Haka Desmond Pruitt, shugaban ƙungiyar masoya shirin a birnin Adelaide, ya yanke hukunci, kuma ba a ja da shi, tunda a falonsa ake taro.

Glenys Trethowan, 'yar ƙungiyar, ta karanta su kaf, ta san abin da ke ciki. Kamfanin da ke buga su yakan miƙa aikin ga duk marubucin da ya samu a kusa. Wani littafin ya hana ka barci, na bayansa ya sa ka gyangyaɗi a tsaye. A wani kyaftin ɗin jirgin sararin samaniyar maraya ne, a wani kuma uwarsa ta zo masa yini. Ga shi gidan talabijin na nan yana baya sosai wajen nuna shirin, don haka sabon likitan jirgin ba wanda ya taɓa ganinsa sai a takarda.

Shi Desmond ya zaɓar mata ta fito a matsayin likitan a gasar kwaikwayon shigar taurarin shirye-shirye ta babban taron birnin Melbourne, gasar da ta daɗe tana son ci.

"A littafi na sha tara hannunsa huɗu, jikinsa duk koren gashi," in ji shi.

"A na ashirin kuma ya zuba hannu biyu a aljihu, Des."

"Biyu daga cikin huɗun."

"Mutumin da ya rubuta na sha taran fa ya manta sunan jirgin a tsakiyar littafi."

"Salo ne, Glen. Ke dai ki ɗinka."

Ta ɗinka. Ta yanka koren kafet ɗin ɗakin baƙinta, ta cusa auduga a hannayen ƙarya, allura ta gama da yatsunta. Duk sanda shakka ta taso mata sai ta sake buɗe littafin, ta ƙara jin haushi.

Ranar taron ana zafin Janairu, tsakiyar bazarar ƙasar, tana zaune cikin kafet tana dahuwa, sai aka sanar cewa wani ya samo kaset ɗin sababbin fitowa daga ƙasar waje, za a nuna kafin gasa. Aka kashe fitila. Can ƙofar jirgin ta buɗe, likita ya shigo: wani gajeren mutum mai sanƙo, da riga ruwan toka, da hannu biyu. Ashe an ba marubucin aikin tun kafin a ɗauki ɗan wasan.

Kawuna suka fara juyowa wajenta ɗaya bayan ɗaya.

"Kuɗin kwalliya ne ba su da shi," Desmond ya raɗa mata. "Littafin ne daidai."

"Ranka ya daɗe, tashi ka gaya musu."

Ya tashi, amma ƙofa ya nufa.

Da aka kira sunanta ta hau dandamali. Mai gabatarwa ya dube ta sama da ƙasa cikin tausayi. "'Yar uwa, daga wane shirin kike?"

Ta faɗi sunan shirin. Aka tafa mata irin tafin da ake yi wa mara lafiya.

Da ta fito ta tarar Desmond ya tafi cin abinci da manyan baƙi, da motarsa, da kayanta na sawa a ciki. Ta hau taragon cikin gari zuwa masauki, ta naɗe hannayen ƙaryar a cinya don wata tsohuwa ta samu wurin zama.