Kyanwar Inna Iyatu da Kifin Sambo

A kasuwar Gummi, kowa ya san Sambo mai banda, amma kyanwar uwarsa ta fi shi suna. Tun da wani zazzaɓi ya tafi da hancin Inna Iyatu, ba ta ƙara jin ƙanshi ko wari ba, sai ta mayar da kyanwar hancinta. Duk abin da za ta kai baki sai ta fara miƙa mata. In ta ci, Inna ta ci. In ta kau da kai, ko dambun nama ne, a bola zai kwana.

Da a gida abin ya tsaya, da ba wanda ya ji. Sai ga 'yar banza ta koyi bin Sambo kasuwa. Shi kuwa, kamar wasu abokan sana'arsa, yakan yayyafa wa busasshen kifinsa maganin ƙwari na fiya-fiya don kada tsutsa ta cinye masa jari. Na gida daban yake ware shi, mai tsabta, don yana son uwarsa ƙwarai. Wata ranar kasuwa kyanwar ta sansana kwandonsa, ta yi atishawa, ta taka a hankali zuwa rumfar Mukhtar mai shanya nasa a rana, ta zauna tana lasar baki.

Shi ke nan fa. Kafin la'asar an raɗa mata suna Alƙaliya. Mata daga Gwashi su zo da kwandunansu su tsaya jiran hukuncinta. Har masu wake da masu barkono suka shiga kawo mata kaya ta duba, ita da ba ta taɓa cin barkono ba. Sambo ya wuni yana korar ƙuda, ƙudan ma da ba sa zuwa.

"Inna, ki ɗaure mussag ga taki," ya ce da ya koma gida. "Ta kashe min kasuwa."

"Mi tac ce maka?"

"Ba ta ce komi ba."

"To mi kaka so in ɗaure ta a kai? Wanda bai yi magana ba ai bai yi ƙarya ba."

Ya gwada cin hanci da hanta, ta cinye hantar ta koma wurin Mukhtar. Ya kai ta Anka cikin buhu ya sake, ta riga shi dawowa a bayan motar albasa. Daga nan sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da kan zo wa mutum in Allah ya so ya nuna masa iyakarsa. Ai sabo ake yi da komai. Shi kansa da can warin maganin na sa shi amai, yanzu ko a jikinsa. Sai ya fara sa ɗan mitsitsin digo a kifin da yake zuba mata a tasarta ta bayan ɗaki, gobe ya ƙara, jibi ya ƙara.

Ranar da Alƙaliya ta ci kifin Sambo a gaban jama'a, har guɗa aka yi. Kasuwa ta dawo masa, ya sayi sabuwar hula.

Sai dai kyanwar ta sauya. Ƙumar jikinta ta zube. Ƙudan da ya ratsa ta gabanta sai ya faɗo. Maƙwabta suka lura sauro ba ya shiga ɗakin da ta yi barci, aka fara aron ta gida gida. Wani manomi daga Bukkuyum ya roƙi a ba shi ita ta yi mako a rumbunsa saboda ƙwarin wake. Ana ta cewa baiwa ce. Ba wanda ya damu da yadda take dalalar da miyau, ko yadda ƙafafunta ke karkarwa tana tafiya kamar mai tsallake garwashi. Sambo ya gani, ya ji ba daɗi, amma ya ce wa zuciyarsa dabba ce, kuma in kasuwa ta zauna zai daina.

Bai kai ga dainawa ba. Wata safiya ya tarar da ita a bayan ɗaki ta sandare kusa da tasar. Ko tururuwa ba ta matso gawar ba. Tsoro da kunya suka kama shi, ya tsaya yana neman bakin da zai gaya wa Inna.

Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, carbin na ta suɓuce mata.

"Inna, mussa ta mutu."

Ta ajiye carbin. Hawaye ya gangaro mata, ta goge gefen bakinta da haɓar zane.

"Allah sarki, abokiyar cina. Dama kwanan ga ba ta iya cinye rabonta."

Sambo ya matso kusa da ita. "Sauran hwa? Wa ka zubar da shi?"

"Zubarwa? Kihi mai tsoka hakan ga? Kai ma dai da son kai, mai kyawon kaka kai mata bayan ɗaki, ka bar ni da ƙaya." Ta yi ɗan murmushi. "Tunda ita ta ci, ai lahiya lau na. Ni ka cinyewa."

Sai a lokacin ya dubi hannuwanta da kyau. Rawa suke yi, irin rawar da ya sani. Ya durƙusa ya kama su yana kiran maƙwabcinsu Mukhtar da ƙarfi ta kan katanga ya fito da babur a tafi asibiti.

"Mi yaf faru, ɗan nan? Sanyi na kawai."

Wani ƙuda ya sauka a bayan hannunta, ya yi taku biyu, ya faɗo kan tabarma ƙafafu a sama.