Sakan Biyar na Ƙarshe

Shekara ashirin ina aikin wayarin mota, kuma abin da na tsana shi ne a kawo mini motar da wani ya riga ya jagwalgwala. Irinta wata malamar makaranta ta kawo mini da hantsi, fitilar jakar iska, wadda ke kumbura ta tare direba in an yi karo, tana ci ja a gaban sitiyari.

"Oga, na kai ta wajen wani ya canza mata ƙwaƙwalwa, amma fitilar nan ta ƙi mutuwa," in ji ta.

"Sabuwa ya sa ko ta hannu?"

"Ya ce kamar sabuwa."

"Ni ma kamar saurayi nake, Malama."

Ta yi dariya, ni kuma na jona na'urata a ƙarƙashin sitiyari. Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta kashi-kashi: ta inji, ta birki, ta jakar iska. Kowacce tana riƙe da lambar shasin motar, harufa da lambobi goma sha bakwai. In ɗaya ta zo da lambar wata mota, sauran sai su ƙi ta kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Na duba ta inji, daidai. Ta birki, daidai. Da na zo kan ta jakar iska sai wata lamba daban ta fito, na karanta ta har ƙarshe.

Na san lambar nan fiye da lambar wayata. Sau nawa na rubuta ta a takardun hatsari. Motar ƙanena ce, autanmu, wanda ya daki ginshiƙin gada shekara biyu da suka wuce, ya rasu nan take. Ni da kaina na sallama wa mai kayan gwangwan ragowarta, kuma irin motar ba ta da yawa a garin.

Kwana ɗaya kafin hatsarin ni na taɓa masa birki. Ba wanda ya ce mini uffan, amma tun ranar Inna ba ta ƙara kallon idona ba. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Ni ma ban yafe wa kaina ba, ko wayar birki ban sake taɓawa ba tun lokacin.

Wannan ƙwaƙwalwar kuwa tana ajiye sakan biyar na ƙarshe kafin karo: gudun mota, da abin da ƙafar direba ta taka. Ban taɓa neman ta ba, tsoro nake ji. Yau ga ta ta biyo ni har gareji.

"Lafiya, Oga?"

"Ki ɗan zauna a benci, Malama. Zai ɗauki lokaci."

Na danna na'urar. Layi biyar suka fito. Gudu yana ƙaruwa a kowane layi. Totur a take har ƙasa. Sitiyari a miƙe. Birki kuwa ba a taka ba, ko sau ɗaya.

Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, har na ji kunyar daɗin. Ba ni ba ne. Sai kuma na tuna titin, miƙaƙƙe ne, da rana tsaka, ba kowa a gabansa. Na tuna watannin da Auta ya yi ba ya ci ba ya magana bayan rasuwar matarsa. Na tuna yadda ya rungume ni ran da ya karɓi motar, shi da ba ya ko son a dafa kafaɗarsa, ni kuma na ture shi na ce zai shafi baƙin mai. Na shiga bayan gareji na yi kukan da ban yi ba ranar da muka binne shi.

Na buga layukan a takarda, na ce wa Malama ta dawo da la'asar, na nufi gida.

Inna tana bakin gado tana ninke wanki. Rigar Auta mai ruwan toka tana cikin kayan, har yau wanke ta take yi.

"Sannu da gida, Inna."

"Yauwa," ta ce wa bango. "Me ya dawo da kai da rana?"

Hannuna yana aljihu a kan takardar. Ta shafa wuyan rigar ta ce, ba da ni take ba, "Yaron nan da saura kaɗan ya warware. Ranar har murmushi ya yi mini, ya ce in yi masa addu'a."

Na zaro hannuna daga aljihu, na bar takardar a ciki.

"Ba komai, Inna. Sukudireba na manta."

Na koma gareji na yaga takardar. Na ciro ƙwaƙwalwar, na goge duk abin da ke cikinta, na rubuta mata lambar motar Malama harafi bayan harafi. Da na tayar da mota, fitilar ta yi ƙyaf ta mutu.

"Ashe abin ba wuya," in ji Malama. "Oga, tunda na zo, birkin ma yana ɗan ƙara. Ka duba mini mana."

"Ki kai wa makanikin da ke maƙwabtaka da ni," na ce. "Kowa ya san ba na taɓa birki."