Maganar Bakin Ƙofa

"Kwangilar jiragen ƙasa za ka fara tayarwa," in ji Imogen, mataimakiyarsa. "Sannan harajin giya. Sai godiya da ban kwana."

"Yaron fa?"

"Landan sun ce a taɓo maganarsa daga ƙarshe, in an ga fuska."

Sir Aubrey Wetherden ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon ruwan sama yana dukan gilashin motar. Babura sun yanyame su ta ko'ina, masu tuƙin sun lulluɓe da leda. Tutar da ke gaban motar ta jiƙe ta nannaɗe jikin sandarta, ba mai iya cewa ga ƙasar da take wakilta. Yau ce ziyararsa ta ƙarshe ga Ministan Harkokin Waje. Jibi zai bar ƙasar, ya bar aikin jakadanci baki ɗaya, ya koma wani ƙauye a kudancin Ingila inda matarsa ta riga shi zuwa don ta yi faɗa da masu gyaran rufi.

Aikin ya karɓe shi. Ya faro ne daga buga hatimi a kan biza, ya yi ta hawa a hankali ba tare da ya taka kowa ba. Baiwarsa guda ce, kuma ta ishe shi: ya iya jera magana ta yi daɗin ji, a tashi taro kowa na murna, sai an isa gida a tarar ba a ce komai ba. An taɓa ƙona masa rabin ofishi a wata ƙasa, ya bayyana abin da cewa rana ce mai ɗan wuya. A Landan har yau ana koya wa sababbin ma'aikata wannan jimlar.

Yaron kuwa sunansa Gavin Tasker. An kama shi a filin jirgi da ƙwaya ɗinke cikin jakarsa, aka yanke masa hukuncin kisa. Ɗaukaka ƙara ta ƙare. Saura afuwar Shugaban Ƙasa, shi kuma Shugaban, a kan baƙi, abin da Ministan ya ce masa shi yake yi. A makon nan za a zartar. Uwar yaron, Doreen, mai dafa wa yara abinci a wata firamare a garin Hull na Ingila, tana zaune a ofishin jakadanci tun da safe, jakarta a kan cinya. An ce ta je otal ta huta, ta ce ba hutu ya kawo ta ba.

Ministan ya tarye su da hannu biyu. Tare suka yi jami'a da Sir Aubrey a Ingila, inda aka laƙaba wa Ministan suna Dicky don ba wanda ya iya furta sunansa na gaskiya, shi kuma ya riƙe sunan kamar wata lambar yabo.

"Aubrey, tsohon banza! Ashe da gaske gudu za ka yi ka bar mu. Duk zaman da ka yi har yanzu barkono na sa ka hawaye?"

"Ranka ya daɗe, hawayen rabuwa ne."

"Maƙaryaci. Zauna, zauna."

Suka zauna. Aka kawo shayi da ƴar wainar shinkafa da kwakwa naɗe cikin ganyen ayaba. Masu rubuta bayanin taro suka buɗe littattafansu, ɗaya a bayan Ministan, Imogen a bayan Jakada. Aka yi maganar jiragen ƙasa, ta tafi sumul. Aka yi ta harajin giya, Ministan ya ce shi kansa abin na damunsa duk ƙarshen wata, aka yi dariya. Ya miƙa wa Sir Aubrey kyautar kwanon azurfa, irin wanda Sir Aubrey ke da guda biyar a gida. Sir Aubrey ya ce bai taɓa ganin mai kyaunsa ba.

Duk wannan lokacin maganar yaron na nan a ransa. Ya yi ta neman gurbin da zai saka ta, amma hirar ta yi daɗi, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa ɓata hira mai daɗi ba. Sakataren Ministan ya leƙo. Masu rubutu suka rufe littattafai. Kowa ya miƙe.

Sai da suka kai bakin ƙofa, hannunsa cikin na Ministan, sannan ya rage murya.

"Dicky, akwai ɗan batun nan na yaronmu, Tasker. Da za a sake dubawa, da mutanenmu sun ji daɗi ƙwarai."

Ministan bai saki hannunsa ba. Murmushin ne kawai ya ragu.

"A tsaye kake gaya mini, Aubrey."

"Na'am?"

"Haba, kai ka koya mini aikin nan. Abin da aka faɗa a zaune, masu rubutu na ji, shi ne maganar gwamnati. Wanda aka faɗa a bakin ƙofa, don a koma gida a ce an faɗa ne. Bara wani jakada ya zo mini kan ɗan ƙasarsu. Ko shayi bai taɓa ba. Ya ce ba za su sa hannu a kan komai ba sai an sassauta hukuncin. Na ji haushinsa, amma na sami abin da zan kai wa Shugaba. Kai me zan kai masa? In ce abokina ya yi mini raɗa yana neman lemarsa?"

Sir Aubrey ya kawar da kai.

"Ga kujerun nan ba su tafi ko'ina ba," in ji Ministan a hankali. "In kana so mu koma mu zauna. A buɗe littattafai. Ka ce mini babu jiragen ƙasa muddin aka kashe yaron. Ban yi maka alkawari ba, amma zan ɗauka in kai."

Imogen ta yi ɗan tari a bayan Sir Aubrey. Ba a ba shi izinin faɗin haka ba, dukkansu sun sani. Ya tsaya yana lissafin abin da Landan za su iya yi masa. Su kore shi? Jibi zai tafi. Su ƙwace lambar girmansa ta Sir? Ba a yin haka a kan irin wannan. Iyakaci wani yaro a ma'aikata ya bugo waya ya ce an yi mamaki. Ya duba ko'ina cikin ransa bai ga abin da ya ɗaure shi ba. Kujerar tana nan, taku kaɗan, shayinsa ma bai gama hucewa ba.

Sai ya ji bakinsa yana cewa, cikin muryar nan mai laushi da ta kai shi duk inda ya kai, "A'a, kada in ci maka lokaci. Na san kana da baƙi."

Ministan ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya bubbuga masa kafaɗa.

"Ka gaida mini Madam. Allah ya kiyaye hanya."

A mota, bayan sun wuce kasuwar kifi, Imogen ta buɗe littafinta.

"Zan rubuta cewa an tayar da batun a matakin minista," in ji Imogen.

"An tayar," ya ce.

Doreen na nan inda suka bar ta. Wani ya kawo mata shayi da biskit, ba ta taɓa ba. Tana ganinsa ta miƙe, jakar ta zame ta faɗi, ba ta ko kalle ta ba.

"Yallaɓai, ka gan shi? Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya saurare ni da kyau. Tattaunawa ce ta fahimtar juna, kuma ina tabbatar miki za mu ci gaba da bin lamarin ta duk hanyoyin da..."

"Don Allah dakata," ta ce. "Ni ban yi karatun da ka yi ba. Gobe za su bar ni in ga Gavin. Zai tambaye ni, kuma tun yana ƙarami yake gane in ina masa ƙarya. Me zan ce masa?"

Ya dubi Imogen. Imogen ta dubi ƙasa. Akwai amsoshi da yawa da aka tanada don irin wannan ranar, wasunsu ma shi ya tsara su. Ya lalubo su ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun yi wa ɗakin girma.

"Za su kashe shi," ya ce. "A makon nan. Ba abin da zai hana."

Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta kakkaɓe ta, ta rataya. Ta gyara maɓallin rigar sanyin da take sanye da ita duk da zafin garin. A bakin ƙofa ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa, ba da fushi ba, kamar dai mai duba tukunyar da aka ce mata ta huje.

"Ashe ka iya magana," ta ce.