Batson Ladidi

Duk Tibiri ba wadda ta kai Ladidi iya daudawar batso. Tun tana budurwa take dafa 'ya'yan yakuwa, ta rufe a tukwane har su ruɓa, kuma da hanci kaɗai take gane wadda ta nuna. Warin da ke korar baƙi daga ƙofar gidanta, ita ƙamshi ne a wurinta.

A ƙarshen mulkin Faransa ciwon sukari ya kama ta. Ƙishirwa ba ta barinta, ta rame, kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Ƙanenta Idi, mai aikin allura a Dogon Dutsi, ya ɗora ta a jaki ya kai ta gaban lokotoro, Baturen likita. Bature ya ba ta wasu fararen ƙwayoyi, sababbin zuwa daga ƙasarsu.

Ranar da ta buɗe kwalbar, wani ƙarni ya bugi fuskarta kamar na kifin da ya kwana a rana. Ta toshe hanci ta haɗiye. Kafin kasuwa ta zagayo ƙishirwar ta ragu, amma bakinta ya koma kamar ta lashi tsatsar wuƙa. Fura ƙarfe, tuwo ƙarfe, har yawunta ƙyamarsa take ji. Cikinta kuwa ya sake, sai ta yini tana zarya bayan gida, kunya na cin ta gaban surukarta Sa'a.

Wata safiya ta ɗaga marfin babbar tukunya. Abin da ta gani baƙi ne, mai yauƙi, yana wari kamar mushen jaki. Ta yi amai a gefen murhu, ta kinkimi tukunyar ta juye a juji, tana cewa ta lalace. Sa'a ta bi ta, ta lakato kaɗan daga saman ta sansana.

"Inna, wannan lahiya lau take. Ba ki taɓa yin wadda ta hi ta ba."

Ladidi ta tsaya tana kallon kaji na tsattsagar aikinta.

Maƙwabta suka ce doguwa ce ta shiga tukwanen, a kira 'yan bori masu girka. Ladidi dai ta aika wa Idi. Da ya zo ya ce ba iska ba ce, ƙwayar ce, lokotoro ma ya ce tana yi wa wasu haka. Ya ce ta riƙa sha a tsakiyar cin abinci, zawon zai lafa. Ta tambaye shi bakin fa, ya ce wannan bai sani ba.

Ta ɓoye kwalbar a rufin ɗaki ta daina sha. Ɗanɗano ya dawo, ta ci tuwo da miyar batso har ta sha romon. Ba a jima ba ƙishirwa ta dawo, wani ƙurji ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa, ƙudaje na bin sa. Da ta ga ruwan da ke fita daga ciki, da kanta ta sauko da kwalbar, ta koma sha yadda Idi ya ce.

Zawon ya lafa, bakin bai gyaru ba. Ta sa aka kwashe tukwanen zuwa can bayan rumbu, ta bar wa Sa'a sana'ar, ita ta koma saƙar tabarma. Masu saye suka yi ta gunaguni cewa hannun ya canja. In Sa'a ta kawo mata curi ta duba, sai ta kau da kai, ta ce a kai wa wani ya sansana.