Ranar da Aka Zo Cire Layin Gefe

Shekara goma sha ɗaya Baba Tasha, mai kula da tashar jirgin ƙasa, yana shafa wa makullin layin gefe giris kowace safiya, alhali an manta rabon da jirgi ya taka layin nan. Da can jirgin kaya huɗu ke wucewa a rana. Sai kamfanin siminti ya koma wa tirela, masu hatsi suka bi sahu. Huɗu suka koma ɗaya, ɗayan ma sai ranar Alhamis, yana jan tarago uku kamar wanda aka tasa daga barci.

"Da ni kake shafa wa man nan, da tuni na koma yarinya," in ji matarsa duk sanda ta ga hannun rigarsa.

Ranar Litinin takarda ta zo daga hedikwata: Laraba za a cire layin gefe. Layin dogon nan guda ɗaya ne tal, a layin gefe kawai jirage biyu ke iya ba juna hanya. In aka cire shi, maganar jirgin fasinja da aka daɗe ana yi wa mutanen garin alkawari ta mutu ke nan, su ci gaba da zagaye kogi awa biyu a mota kan tafiyar da jirgi ke yi a minti ashirin.

Ba cirewar ce ta fi ƙona masa rai ba, hujjar ce. Doka ta ce layin da ya shekara goma bai ɗauki fasinja ba ana iya rage shi. Suka maƙalo hoton littafin tasharsa, shafi bayan shafi, a gurbin fasinja an rubuta "babu" da kyakkyawan rubutun nan da yake taƙama da shi. To me zai rubuta? Mutane su zo su tambayi jirgi, ya ce babu, su tafi, ya zauna ya rubuta babu. Ashe da hannunsa yake haƙa wa tashar rami. Kunya ta kama shi, sannan fushi ya biyo baya.

Laraba da hantsi mota ta sauke Injiniya, wata mata mai hular kwano da fayil a hammata, direban ya juya ya tafi. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce jirgin ƙugiya da zai ɗaga ƙarafan layin na jira a tashar gaba, a aika masa da sanda.

Sandar ta tagulla ce, tsawon kamu ɗaya, kuma ita ce izinin shiga tsakanin tashoshin biyu. Wanda ke riƙe da ita shi ke da layi. Ko shugaban kamfanin jirgin bai isa ya sa jirgi ya shigo ba sai tana hannun direba.

"Sanda ta fita, 'yata," in ji Baba Tasha. "Tana wurin Dogo."

"Wane ne Dogo?"

"Mai duba layi. Ga shi can tafe."

Keken duba layi ya ɓullo daga kwana, ƙaramin injinsa na tari. Dogo na gaba da sanda rataye a wuya. Bayansa matar Baba Tasha ce zaune ta rungume jaka, sai tela da keken ɗinkinsa, sai wata tsohuwa da aka kai asibitin tsallake aka dawo da ita. A kan dandamali kuma wasu biyar ne ke jira da ƙullin kayansu.

Injiniya ta dubi keken, ta dubi tsohon. "Baba, wannan ba jirgi ba ne."

"Buɗe littafin dokarku. Duk abin da ya hau ƙarfen nan da sanda a hannu, jirgi ne sunansa. Ba ni na rubuta ba."

"Ka san za a iya sallamar ka kan wannan?"

"Na sani. Wata bakwai ya rage mini in yi ritaya. Su zo su karɓi hular, amma layin gefe ba a gabana za a ɗaga shi ba."

"Matarka ce fa, da maƙwabtanka. Wa zai yarda waɗannan fasinja ne?"

Matar ta sauko tana gyara mayafi. "Yarinya, aurensa na yi, ba a ce na daina zama mutum ba. Minti ashirin sai ga ni a tsallake, na ga jikata na dawo. Rabona da ita tun tana rarrafe."

Injiniya ta ciro waya, babu sabis. Ta leƙa titi, babu mota. Ta ce to, da kanta za ta je tashar gaba ta karɓi sandar daga hannun Dogo ta miƙa wa direban ƙugiya, ta ga wanda zai hana ta.

"Babu mai hana ki," in ji Baba Tasha. Ya shiga ofis ya fito da littafin, ya buɗe a kan benci. "Sai dai duk wanda zai hau keke yana sa hannu. Wannan ma dokarku ce."

Ta tsaya tana kallon shafin. Sunaye takwas, biyu dangwalen yatsa ne. Ta san abin da sa hannun jami'ar kamfani a ƙarƙashinsu ke nufi: layi ya ɗauki mutane a gaban idonta, ba a taɓa shi sai an sake zama a hedikwata. Shi ma ya san ta sani. Ya miƙa mata biro, bai sauke hannu ba.

"Ko ki jira direbanki, ku zagaya ta kogi," ya ce. "Awa biyu ne kacal."

Wani dattijo cikin masu jira ya matsa ya bar mata gefen katako. "Zo ki zauna nan, 'yar nan, rana na yi."

Ta karɓi biron ta sa hannu, har da muƙaminta a ƙasa. Ta hau ta zauna, fayil a kan cinya, ba ta ko kalli sandar da ke wuyan Dogo ba.

Da keken ya sha kwana, Baba Tasha ya zauna ya jawo littafin don cike gurbin fasinja. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya rubuta "babu". Ya daɗe yana kallon kalmar. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa soke ko harafi ɗaya a littafin nan ba. Ya danna biro ya ja mata layi har takardar ta kusa yagewa, ya rubuta tara.