Askin Injiniya

"Ba haka ake riƙe shi ba, Tela. Kan mutum ne a gabanki, ba yadi ba."

Mai Aski ne ya faɗi haka daga kan gadonsa, an tokare masa baya da matasai. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar ɗakin da almakashi a hannu. Mijina na zaune a kujerar roba, tawul a wuya, yana leƙen madubi kamar wanda ke jiran hukuncin alƙali. Na riga na ɓata masa gefe guda. Ya ce shi dai zumuncin maƙwabtaka ne ya kawo shi, bai san har da sadaukar da kai ba. Mai Aski ya yi dariya har sai da matarsa ta miƙa masa ruwa.

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagonsa na aski, kuma gidajenmu ma a jere suke. Likitoci sun sallamo shi gida, sun ce zuciyar ta gaji, a bar shi ya huta cikin iyalinsa. Ya karɓi maganar ba gardama. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa: wa zai riƙa yi wa ɗansa aski?

Ɗan nasa ya haura talatin. Injiniya muke kiransa, don tun yana rarrafe ba abin da yake so kamar fanka. Da yana ƙarami, ya daɗe bai fara magana ba, ba ya kallon idon mutane, ƙara kaɗan sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sangarta. Sai da aka yi ta yawon asibiti kafin wata likita ta ce sunan abin otizim, wanda wasu ke kira galahanga, kuma ba laifin kowa ba ne. A lokacin, da yaron ya ji kukan injin aski sai ya shige ƙarƙashin teburin ɗinkina. Har zolayar uban ake yi, wai ɗan mai aski ya fi kowa suma a layin.

Uban bai yi fushi ba. Ran Litinin, da ba ya buɗe shago, sai ya kashe rediyo, ya ajiye injin, ya zauna a ƙasa kusa da yaron da almakashi kaɗai. Ba ya taɓa ko'ina sai ya faɗa tukuna. Wani lokaci rabin kai ake yi, a bar sauran sai wani mako, Injiniya ya yi ta yawo a haka abinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba wata uwa labari, uwar ta kawo nata ɗan. Ita ma ta gaya wa wata. Kafin shekara ta zagayo, bencin ƙofar shagon ya daina isar iyayen da ke jira ran Litinin, ni nake fito musu da kujeru da shayi. A nan suka fara hira. Na tuna wata da ɗanta ya watsar da kofuna, ta miƙe tana ba da haƙuri, sauran suka ce ta zauna, nan ba a ba da haƙuri. Ta zauna ta yi kukanta, ta share hawaye, ta nemi ƙarin sukari.

Daga wannan bencin ƙungiyar ta tashi. Sunanta na takarda dogo ne, babu mai iya riƙe shi, kowa 'Yan Benci yake cewa. Sun so su naɗa Mai Aski shugaba, ya ce shi kan da ya iya shugabanta shi ne wanda ke ƙarƙashin almakashinsa. Sai suka zaɓi wata malamar makaranta mai 'ya mace irin Injiniya. Shi da ita suka riƙa bin makarantu suna roƙon a karɓi yaran. An sha sallamarsu tun daga ƙofa. Wani shugaban makaranta ya ce su dawo idan yaran sun warke, Mai Aski ya ce masa ai ba zazzaɓi ba ne. Daga baya wata makaranta ta gwada da yara biyu, wasu suka bi sahu. Ƙungiyar ta kama ɗaki, daga ɗaki ta koma gida mai tsakar gida da lilo, wanda ya zama cibiyarta. Yanzu akwai masu koyar da magana, da ajin iyaye, da ɗan shagon gyara inda Injiniya yake farfaɗo da fankokin da aka fid da rai da su.

Mai Aski ya koya wa samari da yawa irin askinsa, su ke yi wa yaran cibiyar. Amma Injiniya bai taɓa yarda wani hannu ya hau kansa ba sai na ubansa. Na tambayi Mai Aski me ya sa ya zaɓe ni in gaje shi a wannan aikin, ga ƙwararru. Ya ce yaron ya tashi yana jin ƙarar almakashina ta bango, ba baƙuwa ba ce a kunnensa.

Da yamma Injiniya ya dawo daga aiki, ya rataye jakarsa inda ya saba. Uban ya kira shi, ya gaya masa komai ba kwana-kwana: cewa jikinsa ba zai tashi ba, cewa zai rasu, cewa Mama tana nan, aiki yana nan, kuma Tela ce za ta riƙa yi masa aski. Matar Mai Aski ta so ta tare maganar. Ya ce mata, "Ban taɓa kai hannu kansa ban sanar da shi ba. Wannan ma ba zan bari ta zo masa ba shiri ba."

Injiniya ya yi ta kaɗa yatsunsa. Can ya ce, "Tela ɗinki take yi." Ya fita.

Muka ci gaba da gwaji. Kan mijina ya ƙare, muka koma kan ƙaninsa, sannan mai kanti na bakin layi, wanda ya shigo duba mara lafiya ya fita da sabon aski. Kullum Injiniya yakan tsaya a bakin ƙofa ya duba aikin ya wuce. Ran da na yi wa mai kanti, ya zagaya shi ya ce hagu ya fi dama tsawo. Mai Aski ya ƙifta mini ido, ya ce tunda an fara duba aiki, an kusa.

Wata Litinin da hantsi, ina cikin shagona, sai ga Injiniya a ƙofa riƙe da tawul. Ya juya, na bi shi. Ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da gadon, uban ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara.

"Zan taɓa bayan kunnen hagu," na ce.

"To," in ji shi.

Haka muka bi kan kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya na manta ban faɗa ba, ya ƙanƙame jikinsa, na ba shi haƙuri, muka jira har ya sake. Uban bai gyara mini ko sau ɗaya ba. Da na gama na miƙa wa Injiniya madubi, ya duba gaba, ya duba gefe.

"Bai kai na Baba ba."

"Gaskiyarka," in ji Mai Aski, yana dariya yana tari. "Amma ka ga an gama kai ɗaya a zama ɗaya. Ni sai da na shekara kafin na iya haka."

Bai ƙara mako ba. Da safe ya sha shayi, ya tambayi ko an gyara lilon cibiya, matarsa ta fita da kofin, ta dawo ta tarar ya cika. Allah ya jiƙansa. Injiniya ya shiga ya daɗe a tsaye, sannan ya kashe fankar ɗakin da kansa.

Washegari 'Yan Benci suka zo gaisuwa, kuma ba wanda ya bar ɗansa a gida. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Wani yana tsalle a tsakar gida, wata tana rera waƙa ɗaya tana maimaitawa, wani ƙaton saurayi ya shiga kicin ya buɗe firij yana nazari. Ba wanda ya ce su yi shiru. Malamar nan, wadda yanzu furfura ta rufe ta, tana ba da labarin yawon makarantu, matar marigayin tana dariya tana goge ido da gefen mayafi.

Da na fito zan leƙa gida, ban ga takalmina inda na bar shi ba. Wata ƙaramar yarinya ta kwashe takalman masu gaisuwa kaf, ta jera su a gindin bango, daga ƙarami zuwa babba, layi ɗaya har bakin ƙofar waje. Injiniya yana tsugune a gefenta, yana miƙa mata na gaba. Mutanen da suka fito tafiya suka tsaya a baranda, ƙafa ba takalmi, suna jira ta gama.