Ƙwayar da ke tayar da kwamfutar Nuruddeen

Sadiƙa na fita takaba ta naɗe kwamfutar mijinta a zani, ta hau motar Beli zuwa Ƙaraye. Marigayi Nuruddeen mai ɗaukar bidiyon biki da suna ne, ya ɗauki rabin mutanen Rogo, amma hotonsa ko na katin zaɓe ba ta da shi. Tsoronta ɗaya: fuskarsa ta fara dushe mata, ga 'yarsu Maiturare ba ta ma san shi ba.

Abdulmutalib mai gyara ba ya gaggawa, kai ka ce shi ya ajiye lokaci. Sai da suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya kwance na'urar.

"Me ya same ta, Malama?"

"Yana sabunta wani abu ne, janareta ya mutu. Tun ranar ba ta sake kawo haske ba. Bai kai ga gyara ta ba ciwo ya kwantar da shi."

Ya nuna mata wani ɗan baƙin abu a jikin fanel, wato farantin cikin na'urar, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. "Bayos ke nan, shi ke tashin ta. Sai an sauya shi. Ma'ajiyar hotuna da bidiyo manne take da fanel ɗin, in zafi ya yi yawa komai zai iya tafiya." Ya dakata. "An raba gado?"

"An raba. A kasona ta faɗo."

"To, bismillah."

Ya jawo wata gawar kwamfuta irinta daga ƙarƙashin benci, ya ciro nata bayos ɗin. Ya hura iska mai zafi da wani ɗan inji har dalma ta narke, ya ɗaga tsohon da hantsaki, ya zaunar da sabon. Sadiƙa na kallo tana tunani, wai duk abin da ya rage mata na mutum yana rataye a jikin abin da kaza za ta iya haɗiyewa.

Allon ya kawo haske. Abdulmutalib ya tura mata kujera, ya koma bakin ƙofa ya ba ta baya.

Ta buɗe bidiyo bayan bidiyo. Amaren garin Kurugu, ragunan suna, tsofaffi na rawa ba kunya. Kowa na ciki ban da mai ɗauka. Haushinsa ya kama ta, haushi na gaske, mutum ya adana fuskar kowa ya manta tasa.

Tana shirin rufewa sai muryarsa ta fito daga bayan kyamara, da 'yar dariyar nan tasa, yana lallashin wata amarya mai sunkuye da kai.

"Haba dai, ɗago kanki kaɗan. Kallo ni nan."

Sadiƙa ta ɗago.